Motar Baba ta ƙi tashi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan Tsanyawa sai godiya.

Yaya, motar marigayi Baba ta ƙi tashi. Inna na so a kai ta Ɗambatta ta duba ƙanwarta da ke kwance, ga ƙafa ta hana ta hawa bas. Na kira bakanike ya sa batir, motar ta yi tari ta mutu. Ya wanke kafireta, ya busa tiyon mai, duk a banza. Da ya sauke tanki, tsatsa ce ta zubo, gindinsa ya huje.

Ya ce da an bar shi cike, da tsatsa ba ta ci shi haka ba. Kai ka cika shi kafin ka tafi. Ni na zuƙe man na zuba a injin ban-ruwa, shekara biyu ban faɗa maka ba.

Ka yafe mini, ka sa mu a addu'a, ka gai da kowa. Inna ta daina tambayata zancen motar. Yau na ga ta ninke mayafin unguwarta ta mayar akwati.

Ƙaninka,
Habu