Buzun Babanmu, Mushe Ne Ko Yanka?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, domin duk wanda ya san gidanmu a wajen Cadawa, layi biyu zai karanta ya gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle, na riƙe wata magana a baki, na kasa haɗiyewa kuma na kasa furzarwa.

Babanmu ba ya cin nama. An haife shi shekarar da aka samu ƴancin kai, mahaifiyarshi ta rasu ko arba'in ba ta yi ba, kuma ba a samu mai shayarwa cikin dangi ba, sai kakarshi ta raine shi da nonon wata jar akuya, irin jajayen nan namu na Maradi. Har yau in zai yi zancen akuyar Innata yake cewa, abokan wasanshi su ce mashi ɗan akuya, ya yi dariya ya ce ai ba ƙarya suka yi ba. Da farko naman akuya kawai ya bari, daga baya ya ce a tukunya ko a wurin mai tsire ba ka sanin na wace dabba kake ci, sai ya haƙura da nama gaba ɗaya. Mun taso mun ga ana yi mashi miyarshi daban, ran layya kuwa ya sayi ragonshi, maƙwabci ya yanka, shi ya shige ɗaki har a gama fiɗa.

Ko takalmin fata ba ya sawa, sai na roba. Fata guda ce tak yake taɓawa, ta akuyar nan, ita ce buzun da yake salla a kai. Kakarshi ta kai wa majemi aka jeme, ta ba shi lokacin da ya fara salla, ta ce mashi tsufa ne ya kashe akuyar, an wayi gari an tarar da ita kwance, ba wanda ya sa mata wuƙa. Abin da ya kwantar mashi da hankali ke nan, ya ce tunda ba a zubar da jininta ba, ba cin amana ba ne. Gashin duk ya zube wurin goshi da gwiwoyi, faci kan faci, mun sha sayo mashi darduma mai laushi, washegari sai mu ganta a masallaci.

To da hutun nan ƙanena ya dawo daga karatu a Maradi. Yaron kirki ne wallahi, amma kun san sabon ilimi, ƙaiƙayi gare shi. Ana cikin hira Baba ya sake ɗauko labarin Innarshi, sai ƙanen nawa ya ce ai idan da kanta ta mutu mushe ce, kuma a abin da aka karantar da su, fatar mushe ko an jeme ta ba a salla a kanta. Ranar ni da shi mun yi ta ba daɗi, na ce dama wa ya tambaye shi, ya ce shi ba zai ɓoye ilimi ba, na ce ladabi ma ilimi ne. Baba ya naɗe buzun ya rataye a igiyar kaya. Liman ya zo har gida ya yi mashi bayani cewa babu ramuwa a kanshi tunda bai sani ba, Baba ya yi godiya, ya raka shi ƙofa, ya dawo ya soma ramuwar sallolin rayuwarshi kaf. Mutumin da gwiwoyi suka riga suka gaji, ga tansiyo, wato hawan jini, lokotoro a asibiti ya ce ya rage wahala, amma in ya tada kabbara bayan azahar sai kiran la'asar ya same shi tsaye. Abinci sai an yi da gaske, duk ya zabge.

Ran kasuwar Gangara na hau kabu-kabu na tafi wurin Goggo, yayar Baba, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san zamanin. Ina tafe ina roƙon Allah Ya sa ta ce yankawa aka yi, ko kaɗan ban tsaya na yi tunanin abin da zai biyo baya ba. Ina tambayarta sai ta kece da dariya, ta ce wa zai bar akuya guda ta yi mushe a gidan talaka. Ta ce akuyar ta tsufa, cikinta ya kumbura, aka yi maza aka yanka ta. Lokacin Baba yana ƙarami, ƙyanda ta kwantar da shi, ya daɗe ko kunu ba ya karɓa, sai kakar ta dafa romo ta ɗura mashi. Ta ce: "Ya sha har shina lasar ƙwarya, shina kukan a ƙaro mishi, daga ranan ya soma tashi." Da ya warke yana yawon neman akuyar cikin gida yana kuka, shi ne kakar ta shirya mashi wancan labari, ta hana kowa faɗa.

Tun da na dawo ban da sukuni. Ƙanena ya riga ya gaya wa Baba inda na je, ni kuwa na ce na tarar Goggo ba ta jin daɗi, ba mu samu yin maganar ba, ya dube ni kawai. Idan na yi shiru ko na ce mushe ce, ramuwar nan za ta kai shi ƙasa ina kallo. Idan na faɗi gaskiya sallolinshi sun tsira, amma fa na gaya wa dattijo cewa wadda yake kira uwa, wadda ya hana kanshi nama tun yana yaro saboda ita, shi aka dafa wa ita, kuma kakar da ba ya gama addu'a bai ambace ta ba ƙarya ta yi mashi. Na san halin babana, ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, kuma shirun nan nake tsoro. Na yi tunanin in raba, in ce an yanka amma sadaka aka yi da naman, to matar yayana ta haihu, Goggo na tafe suna ran Juma'a. Na roƙe ta ta rufa, ta ce to, amma tsufa ya kama ta, abin da ta yi alkawari da safe kafin azahar ta ba da shi labari tana dariya.

Jiya bayan la'asar na leƙa na samu Baba zaune a tabarma, ya kasa miƙewa daga sujada sai da na kama shi. Ya riƙe hannuna ya ce: "Ɗiyata, mi Yaya ta ce miki? In mushe ce ki hwaɗa mini, in ci gaba da ramuwa tun da sauran ƙarhi. Ni abu guda nika gode ma Allah, ban taɓa sa namanta a baki ba." Na ce bari in sauke tukunya in dawo, na fita na zauna bayan rumbu ina kuka, alhali ko wuta ban hura ba.

Ƴan uwa, malamai da iyayen da ke cikin wannan zaure, ya zan yi? In gaya mashi da bakina kafin Juma'a, ko in bari ya ji daga bakin Goggo cikin taron suna? In kuma faɗa zan yi, don Allah ku koya mini kalmar da zan fara da ita, domin ni na nema na rasa.