Littattafai Arba'in da Ɗaya da Aka Ce An Ƙwato

Zuwa ga: Mai Girma Babban Sakatare, Hukumar Adana Littattafai da Takardun Tarihi
Daga: Tsohon mai ɗinkin littattafai, ɗakin karatu na tsohuwar sakatariya
Kwanan wata: 21 ga Mayu

Game da: Allon bayanin da aka kafa a taron tunawa da gobarar sakatariya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 6 ga Mayu, shekara talatin da suka wuce, da misalin ƙarfe biyu na rana, wuta ta tashi a ofishin buga takardu, ta haura bene inda ɗakin karatu yake. Ina kan teburina ina ɗinki. Na yi ta jefo littattafai ta taga, marigayi masinjanmu yana tarewa da labule a ƙasa. Guda arba'in da ɗaya muka tsirar kafin rufi ya rufto. Yatsuna uku na hannun dama sun manne tun ranar, ban ƙara riƙe allura ba.

2. Da yake babu wurin ajiya, shugaban ɗakin karatu na lokacin ya umarce ni in tafi da su gida zuwa mako mai zuwa. Makon bai zo ba. Sau bakwai na rubuto ina roƙon a karɓa, kwafin wasiƙun yana haɗe. Uwargidana ta kwashe tufafinta daga akwati don su sami wuri. Shekara talatin muna faɗa da gara da danshin damina a kansu.

3. Ranar 2 ga wannan wata, da na ji sanarwar taron, na kawo su da kaina. Wani jami'i ya karɓa. Bai ba ni takardar shaida ba, ko sunana bai tambaya ba.

4. Ranar taron na zo da 'yata da mijinta, ina ɗokin su ga abin da ya ci mini hannu. Muka tarar da littattafan cikin gilashi, da allo a kansu mai cewa an ƙwato su ne daga hannun waɗanda suka wawashe ɗakin karatu ranar gobara. Surukina ya karanta, ya sunkuyar da kai. Ranka ya daɗe, duk unguwarmu an san gidan da littattafan nan suka kwana. Yau kwana goma sha biyar uwargidana ba ta leƙa ƙofar gida ba.

Saboda haka ina roƙo a cire wannan allo, a kafa wanda ya faɗi gaskiya, a kuma ambaci masinjan, domin shi ba ya nan balle ya rubuto. Ba lambar yabo nake nema ba. Shekarata saba'in da huɗu, ina roƙon a gyara tun ina da idon karantawa.

Na gode, a huta lafiya.

Naka mai biyayya,
(sa hannu, da hagu)
Tsohon mai ɗinkin littattafai