Taubashina ya rufe mini garina, yanzu aurensa yana bakina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana, akwai ɗalibaina a cikin nan, na gane su daga rubutunsu tunda ni nake shan wahalar duba shi. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi mini wa'azi, na san akwai masu ajiye wa'azinsu a shirye tun kafin su ji laifin.

Ni malamar labarin ƙasa ce a wata sakandare a Birnin Kudu, matar aure, kuma ina buga gem a kwamfuta. Na san wasu a nan za su tsaya, to su tsaya. Na fara ne lokacin da aka fara tura ni koyarwa wani ƙauye a wajen Kwandiko, ban san kowa ba, in aka tashi daga makaranta babu abin yi sai kallon awakin maƙwabta. Ina da wata laftof 'yar gwanjo da na yi karatu da ita, sai na shiga wani shago na cikin intanet da ke sayar da gem, na sayi wasu da katin bankina. Saye na yi, ban sata ba, ku riƙe wannan. A cikinsu akwai na gina gari, ana ba ka fili da kogi, kai za ka yanka tituna, ka ja ruwa, ka sa asibiti da kasuwa, mutanen garin su yi ta ƙorafi kamar na gaske. Shekara da shekaru ina gina gari ɗaya. Na yi masa magudanan ruwa irin waɗanda nake zana wa yara a allo ba su taɓa gani da ido ba, na haƙa rijiyoyi, na dasa itatuwa a bakin kowace makaranta. Shi ne wuri ɗaya a duniya da in na ce a gyara kwalbati ake gyarawa.

Ana nan sai masu shagon suka sanar cewa manhajarsu, wadda ta cikinta ake buɗe duk gem ɗin da ka saya, za ta daina aiki a kan tsohon tsarin kwamfuta irin nawa. Na kai wa mai gyara a kasuwa ya ɗora mini sabon tsari, ya juya ta ya duba, ya ce Malama wannan in na ɗora mata sabo sai dai ki kunna ta da hantsi ki dawo da azahar ki tarar tana salati. Amma ya ba ni dabara, ya ce muddin ba ta shaƙi intanet ba manhajar ba za ta san an yi sabon zamani ba, za ta ci gaba da buɗewa. Haka na tsare ta kamar mai takaba, ba ta fita, ba ta gaisawa da kowa, garina yana nan lafiya.

Sai Sadisu ya zo. Ba sunansa ba ne, amma ya dace da shi. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, ɗan Zandam, yana sayar da taki da maganin feshi a Gwaram. Kun san tsakanin taubasai, zagi wasa ne, ƙwace wasa ne, wanda ya ɓata rai shi ya faɗi. Tun muna yara haka muke, ya ce mini uwar iyayi, in ce masa mai kan tulu. Ya zo gidana wata Asabar ya ce in ara masa kwamfuta ya buga wa ƙungiyarsu ta manoman riɗi takarda. Na ba shi, na ce Sadisu buga abin da za ka buga, amma kada ka haɗa ta da intanet, in ka haɗa na rasa abin da ba zan iya mayarwa ba. Na faɗa da Hausa, na maimaita a hankali yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya dafa ƙirji ya ce ranki ya daɗe, an ji an karɓa. Na shiga kicin ina soya masa ƙwai, da hannuna.

Da na fito na tarar ya kunna datar wayarsa ya haɗa. Wai so yake ya sauko da hotonsa na salla, mai babbar riga, ya manna mini a fuskar kwamfuta in riƙa ganinsa kullum. Hoton ya sauka kuwa. Manhajar ma ta ga hanya ta sabunta kanta, na danna garina, sai ga sanarwa cikin ladabi cewa ba a aiki da wannan kwamfutar kuma. Ba na ginin gari kaɗai ba, duk abin da na saya ya rufe. Na nuna masa, ya leƙa ya ce au, an yi miki juyin mulki ke nan? Ya cinye ƙwan ya tafi.

Na koma wa mai gyara, na je har Dutse. Amsa ɗaya ce, gem ɗin naki ne har gobe, suna cikin asusunki, ki sayi sabuwar kwamfuta ki buɗe, amma garin da kika gina babu mai yi miki alkawarin sabon tsarin zai karanta shi. Wato na sayi gida, sunana ne a jiki, mai sayarwa ya dawo ya toshe ƙofar ya ce in na yi arziki in zo. Masu shagon nan ban san inda suke ba, ban san fuskarsu ba, na bar su da Allah. Sadisu kuwa na san gidansu.

Da a nan ya tsaya da wataƙila na haɗiye. Amma da aka yi suna a Zandam, a tsakar gida cike da mata, ya leƙo ya ɗaga murya ya ce ku gaida Hakima mai murabus, gari guda ta rasa ba ta yi ko kuka ba. Ya ba da labarin daga farko, har da kwaikwayon muryata. Aka yi ta dariya, wata tsohuwa da ba ta gane ba ta fara yi mini jaje da gaske. Na kai ƙara wajen Gwaggo, mahaifiyarsa, ta ce haba ke kuwa, da iliminki da aurenki, a kan wasan yara za ki riƙe abokin wasanki? Har yau bai ce yi haƙuri ba. Al'ada ta riga ta yafe masa a madadina, ba a tambaye ni ba.

To ga inda nake neman ku. Sadisu yana neman aure a nan Birnin Kudu, gidan malamai ne masu makarantar Islamiyya, ba sa ba da 'ya sai sun yi bincike. Gwaggon yarinyar abokiyar aikina ce, teburinmu ɗaya a ofishin malamai. Ta ja ni gefe ta ce Malama, yayana ya ce in tambaye ki, ke kika tashi da yaron nan, kuma an san ba kya ƙara gishiri a magana, abin da kika faɗa shi za a ɗauka. Tambaya ɗaya ce, yana da riƙon amana? Na ce ta ba ni zuwa ranar Litinin.

Jama'a, ban taɓa sanin akwai tambaya mai daɗi haka ba. Ba na ma bukatar in yi ƙarya. An ba shi abu, an gaya masa sharaɗi, ya yi alkawari, ya karya don nishaɗi, sannan ya mayar da mai abin abin dariya a gaban dangi. Wannan shi ne ma'anar rashin amana a kowane littafi na karanta. Ba sai na ba da labarin ba ma. Duk wanda ya san bincike ya san yadda ake kashe aure, ka yi shiru kaɗan, ka kalli ƙasa, ka ce to, Allah dai ya zaɓa abin da ya fi alheri. Shi ke nan, an gama, babu wanda zai ce na faɗi wani abu. Na gwada a gaban madubi, ya fito da kyau ƙwarai.

Abin da ke hana ni barci shi ne sauran gaskiyar. Mutumin nan ba ya shaye-shaye, ba ya ha'inci a awo, manoma suna yabonsa. Shi ke riƙe da Gwaggo. Da mahaifina ya kwanta a asibiti shi ya rufe shago ya yi jinya, har wanka shi yake yi masa. Ita kuma yarinyar ba ta yi mini komai ba, an ce tana sonsa, ko me ta gani oho. Amma kuma ina tambayar kaina, mutumin da mace za ta ce masa wannan abu yana da girma a wurina, ya auna da nasa ma'aunin ya ga ba shi da girma, ya taka, ba haka zai yi wa matarsa ba? Ashe ba haƙƙinsu ba ne su sani? In na yi wannan tunanin sai in ji ni mai gaskiya ce. Can kuma sai in lura ina murmushi, mai ba da shaida don Allah kuwa ba na jin yana murmushi irin wannan.

Jiya ya kira ni, ya ji an zo wurina. Tun da aka haife mu bai taɓa ce mini Yaya ba sai jiya. Babu tsokana, babu dariya, ya ce Yaya don Allah ki rufa mini asiri, ina son yarinyar nan. Na jira ya ambaci kwamfutar. Bai ambata ba, wallahi ina jin ya ma manta. Muryarsa tana rawa, ni kuwa na ji daɗin rawar har cikin raina, na ce masa za mu gani.

To ku gaya mini. In faɗa musu abin da ya faru tiryan-tiryan su yanke da kansu, ko da za su yi mini dariya su ma? In yabe shi da abin da ya cancanta in haɗiye sauran? Ko in kalli ƙasa in yi addu'ar nan? Malaman cikinku su amsa mini wannan musamman: in maganar gaskiya ce amma niyyar ramuwa ce, a wane shafi ake rubuta ta? Litinin jibi ce, kuma matar nan kusa da ni take zama.