Ankon Da Mama Folin Ta Maido

Zuwa ga Anti Amatullahi,

Assalamu alaikum. 'Yata, ki taimake ni, kaina ya kulle. Amma ki fara cin wannan kacici-kacici, ke da masu karanta ki: wane abu ne mata biyu suka gani da rana tsaka, ɗaya ta ce ƙafa biyu gare shi, ɗaya ta ce taya biyu, kuma kowacce a shirye take ta dafa littafinta ta rantse? Kada ki wahalar da kanki, ni da na ƙulla shi ma ban san bakinsa ba.

Ni tsohuwa ce a unguwar New Bell. Nan aka kawo ni aure, nan na rabu da Malam, mai gidana, Allah ya jiƙansa. Katanga ɗaya ce tsakanina da Mama Folin, 'yar ƙabilar Basa ce, Kirista, tun muna amare muke tare. Da Sallar layya cinyar rago tata ce. Da Kirsimeti ta aiko mini miyar ndole da miyondo na rogo, a tukunyar da ta ware saboda ni, wadda alade bai taɓa leƙawa ba.

Wanda ya jawo mini wannan jidali shi ne jikana Sirajuddeen, angon nawa da ko goro bai taɓa kawo mini ba. Jami'a ɗaya suke da Emil, jikan Folin, kuma ba su da aiki sai musu a bencin ƙofar gida. Bana musun ya koma kan Linjila. Siraju ya ce waɗanda suka rubuta labarin Annabi Isa, alaihis salam, sai da aka daɗe sannan suka rubuta, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba, wannan ya ambaci mace guda ta je kabari, wancan ya ambaci biyu ko uku. Ina wane daga wane, irin na hadisi? Emil ya ce ai wannan saɓanin shi ne shaidar gaskiya, don ko ɗan sanda ya ji shaidu huɗu suna karanto magana iri ɗaya, ya san a ɗaki ɗaya aka dafa ta. Ya ƙara da cewa lokacin da aka rubuta, akwai sauran waɗanda suka gani da idonsu, da ƙarya ce da sun tona. Ni ina tsince shinkafa ina saurare, kuma wallahi duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi nake ba gaskiya.

Sai shaiɗan ya raya musu su gwada. Wai a samo tsofaffi biyu da suka ga abu ɗaya, a tambaye su daban-daban, a ɗauka a waya. Suka zaɓi ranar da na haifi baban Siraju, ɗan farina, kin san ba na faɗin sunansa.

Labarin nan ba wanda bai san shi ba a kartiyenmu, wato unguwarmu, duk taron suna sai na ba da shi. Ruwan Agusta ya ci unguwa, lambatu ya haɗe da hanya, naƙuda ta kama ni da hantsi. Malam ya naɗe wando, ya goya ni kamar jaririya, ya ratsa ruwa har ƙugu, hularsa ta bi ruwa, har asibiti bai sauke ni ba. Haka na faɗa wa wayar, har da kwaikwayon nishinsa.

Da suka tara mu a tsakar gida suka kunna muryar Folin, sai na ji wani labari dabam. Wai Malam yana can unguwar Deido ranar, ya je karɓo kaya. Wai ita ce ta ji ihuna ta katanga, ta aro pus-pus ɗin mai gawayi, kurar nan ta turawa, ta shimfiɗa zaninta a ciki, ita da ƙanenta suka tura ni, har kwalba ta yanke ta a ƙafa. Wai Malam sai bayan an yanke cibi ya iso, a jiƙe, yana kuka.

Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Na yi dariya a gaban surukai da jikoki, na ce tsufa ya fara taɓa kan ƙawata, gobe ma za ta ce ita ta haifi yaron. Ta gyara ɗaurin zani ta fita. Washegari surukarta ta kawo mini ankon bikin jikata Kausar da na aika mata, a ninke yadda na ba ta, almakashi bai taɓa shi ba.

Su kuma marasa kunyar nan kowa na murna ya ci. Siraju na cewa kun gani, tsofaffi biyu da ransu sun kasa haɗa baki, ina ga labarin da ya tsallaka ƙarni ashirin? Emil na cewa kun gani, sun saɓa a kan goyo da kura, amma duk sun yarda an yi ruwa an haifi yaro, ga shi can da furfurarsa yana sayar da atamfa.

Don in kashe maganar na hau benskin, babur ɗin haya, har unguwar Nkololoun wajen Zainabu mai ƙosai, ita ma tana layinmu a lokacin. Ta ce ba goyo ba kura, da ƙafata na tafi ina zagin duk wanda ya taɓa ni, kuma ruwan da muke faɗi na shekarar da na haifi ta biyu ne. Na dawo gida da shaidu uku da labari uku.

'Yata, ni har yanzu ina jin ƙamshin turaren wuyan Malam a ranar. Amma tun da na ji wayar nan, in na rufe ido sai in ji ƙarar taya, ƙiiƙ ƙiiƙ, da warin gawayi. Tabon kuwa yana nan a ƙafar Folin, na sha ganinsa, ban taɓa tambaya ba. To wanne na gani, wanne na ji? A yaran nan wa ke da gaskiya? In na ce Folin ce daidai, na sauke Malam daga bajinta ɗaya tak da nake yi masa kirari da ita, don mutum ne mai sanyi, ko kaza ba ya iya kamawa. In na tsaya a kan nawa, za a yi bikin Kausar babu matar da ta yi mata wankan farko. Tela ya ce in yadin bai zo a makon nan ba, kada a neme shi.

Taku,
Kakar Siraju, New Bell

Amsa:

Wa alaikumus salam, Kaka. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Musun jikokinki ya girme su, ya girme ki. Masana tarihi sun daɗe a kansa. Wasu na cewa tazarar shekaru da yawon labari daga baki zuwa baki suna sauya abubuwa, kuma ba a tabbatar da cewa marubutan da idonsu suka gani ba. Wasu na cewa mutanen da suka saba da hadda suna riƙe ginshiƙin labari ko da rassa sun bambanta. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta wasa ba, kuma kowa da abin da imaninsa ya tsayar masa. Gwajin yaran ya nuna abu biyu ne a tare: mai gaskiya yana iya kuskure, kuma saɓanin shaidu bai isa a ce ba a yi abin ba. Don haka ba wanda ya ci. Ki ce su koma ga malamansu da littattafansu, su yi ta yi cikin ladabi, su daina gwaji da kakanninsu. Muryoyin nan kuma a goge su daga waya.

Ranar haihuwar kuwa, ba zan iya yanke miki ba, ban je ba. Mai naƙuda ba ta cika kirga wanda ke gefenta ba, kuma labarin da aka yi ta maimaitawa yakan zauna a ka fiye da abin da ido ya gani. Haka yake gare ki, haka ga Mama Folin, haka ga Zainabu. Mai yiwuwa goyon ya faru, a ranar ko a wata haihuwar. Ba wanda ya ce ki sauke Malam. Mutumin da ya ratso ruwa daga Deido yana kuka ma ai ba ƙaramin miji ba ne.

Amma ki sake duba labarinki yadda kika rubuto mini shi. Akwai ruwa, akwai wando, har hula ta samu shiga. Mama Folin ba ta ciki. Shekara da shekaru tana zaune a taron suna tana jin ana ba da shi babu ita, ta yi shiru don kada ta rage wa mijinki daraja. Sau ɗaya aka tambaye ta, ta faɗi nata, kika mai da ita abin dariya a gaban yara. A ganina wannan ne ya maido yadin, ba goyo ko kura ba.

Kada ki aika kowa. Ki ɗauki ankon da hannunki ki zagaya katangar nan yau. Ba sai kin ce ke ce kika yi kuskure a labari ba, tunda ba ki sani ba. Ki ba ta haƙuri a kan dariyar, wannan kam kin san kin yi. Sannan ki zauna ki tambaye ta tabon ƙafarta, ki bar ta ta kai ƙarshe ba ki tsoma baki ba, ko da harshenki zai yi ƙaiƙayi. In ta karɓi yadin, ku wuce wajen tela tare. In ba ta karɓa ba, ki bar mata shi a kan kujera, ki koma gobe.

Allah ya sanya albarka a auren Kausar, ya huci zuciyar maƙwabciyarki, ya nuna mana ku biyu cikin atamfa iri ɗaya.

Anti Amatullahi