Cukun da Na Yi Wanka da Shi

Birnin Kebbi, Jihar Kebbi

Zuwa ga ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lahiyarka, ina karatu, yaya sanyin Italiya? Innarka da ƙannenka duk lahiya lau.

Saƙonka ya iso. Ni da karatuna ya tsaya aji uku, sai na aje takardar na buɗe ƙunshin. Na ga abu rawaya mai tauri, na ce sabulun Turawa ne. Na aika wa kakanka na Argungu rabi, na ce maganin ƙaiƙayi ne, na yi wanka da sauran. Ba kumfa, sai wari. Ranar a masallaci ba wanda ya matse ni cikin sahu.

Sai da ƙanwarka Hajo ta karanta takardar na ji ashe cuku ne. Wai ka hau wani tsohon gari bisa dutse inda Kirista ke ziyara, kana yawo a ƙasa kana ɗanɗana abinci shago-shago. Nan na rikice. Ziyara suka zo ko ci? Kai kuma tukunya ce ba ka da? Ka dai lura da abin da ke shiga bakinka.

Yanzu kakanka ya aiko, wai ƙaiƙayi ya yi sauƙi, a ƙaro mashi. Na amsa da to, don gaban surukina bakina bai buɗuwa. Ka sake hawan dutsen nan ka aiko irin wancan sak, kuma ka sa ni addu'a. Gai da abokan karatunka.

Babanka,
Mamman