Mijin Auta da Gidan Baƙi

Litinin, 3 ga Maris

Wata bas ta sake sauke 'yan gudun hijira yau. Gidan Baƙi ya cika ya batse, Shugaba ta sa an shimfiɗa katifu har cikin ajin koyon harshe. Da na bar aikin asibiti cewa na yi na huta da ganin jini, sai ga ni a ɗakin maganin wannan tsohon sito, ina wanke ƙafafun mutanen da ko sannu ba mu iya yi wa juna ba. Ni na kai kaina, ba wanda ya aike ni.

Akwai wani dogo a cikinsu, da guntun ƙarfe a kafaɗa tun daga ƙasarsu, fata ta rufe a kan mugunya. Allurar kashe zafi ta ƙare mana. Na sa Tafinta ya gaya masa, ya gyaɗa kai. Na tsaga. Matarsa ta danne masa kai a cinyarta, shi kuma ya ciji hannun rigarsa har ya yage. Da na ciro ƙarfen sai ya miƙo hannu, wai a ba shi abinsa. 'Yarsu ƙarama tana bakin ƙofa tana kallo, ko ƙifta ido ba ta yi. Yaran nan ba sa kuka, abin yana damuna.

Laraba, 5 ga Maris

An yi jifa ta tagar aji ana tsakiyar darasi. Gilashi ya yanki wata budurwa daga kunne zuwa haɓa. Na ɗinke iya yina, amma tabon ya zauna kenan. A bangon waje an rubuta da fenti, ku koma inda kuka fito. Mai gadi ya goge da kananzir, rubutun ya ƙara fitowa raɗau.

Asabar, 8 ga Maris

'Yata Auta da mijinta sun zo cin abinci. Cikinta ya yi ƙasa, tana tafiya kamar agwagwa, na gaya mata, ta ce ai gado ne. Shi kuwa ya gaishe ni kansa a sunkuye kamar kullum, bai taɓa haɗa ido da ni ba tun da ya aure ta. Shi ne shugaban 'yan dako a tashar manyan motoci, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa 'yata murya ba. Wannan gaskiya ce, dole in rubuta.

Ana cikin ci ya ce, “Umma, mutanenku sun shigo mana tasha. Duk abin da aka miƙa musu karɓa suke yi, masu kaya sun daina kiranmu.” Na ce ba mutanena ba ne, ni ciwo nake wankewa. Ya ce mai nema musu aiki a Gidan Baƙi shi ya kai su da hannunsa. Na san haka ne, har Dogo yana ciki da kafaɗarsa da ba ta gama warkewa ba. A raina ban ga laifinsa duka ba. Mutum da mace mai ciki a gida.

Talata, 11 ga Maris

An kawo Dogo a baro.

Da rana tsaka, a bayan tasha, mutane suna kallo. Ƙugiyar dako aka sa masa a cinya aka ja. Haƙoransa na gaba babu, ido ɗaya ya rufe ruf, haƙarƙari na motsi a ƙarƙashin hannuna kamar karan da aka taka. Na ɗaure cinyar, na sa masa ƙarin ruwa, jini ya jiƙa mini zani har siket. Cikinsa ya yi tauri kamar katako, na san ma'anar wannan. Na ce wa Shugaba asibiti yanzu yanzu, wannan ya fi ƙarfina.

Kafin motar gidan ta juyo, ƙanensa da suka je aiki tare yana ta magana yana haki, Tafinta na juyawa. Wai wanda ya fara duka, shi ne ya yi ta tattaka masa ciki bayan ya faɗi. Mai guntun yatsa a hannun dama.

Na ci gaba da naɗe bandeji. Bara igiyar mota ta cire wa mijin Auta yatsa, ni na yi ta wanke masa har ya warke.

Alhamis, 13 ga Maris

'Yan sanda sun zo. Sun sha ruwa, sun tambayi ko wani ya san wani abu. Ban san komai ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je wurin Auta. Mijin ba ya nan. Takalmansa na aiki a jingine a bango, an wanke su tas, abin da ban taɓa gani ba. Na ce mata, wa ya wanke? Ta ce, “Umma, don Allah kar ki sa baki. Kin san tun yaushe rabonsa da aiki?” Na ce mutum na can rai a hannun Allah. Ta ce, “Mu ma ai a hannunsa muke.” Ta zuba mini abinci, na bar shi a kwano na taho.

Laraba, 19 ga Maris

Dogo ya rasu da safe. Jini ne ya taru a ciki.

Shugaba ce ta gaya wa matar, Tafinta a tsakiya. Ba ta yi ihu ba. Ta tashi ta je bango ta fara buga goshinta, sau ɗaya, sau biyu, har sai da muka taru muka kayar da ita. Ta cije ni a hannu, shatin haƙoranta na nan. Da yamma Shugaba ta bi katifun samari tana ƙwace wuƙaƙe da guntayen rodi. Ta cika bokiti. Ƙanen Dogo ba a gan shi ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi labari ya zo an soki wani ɗan dako a wuya a bakin tasha. Kowa ya san wa ya yi. Shugaba ta yi ta buga wa 'yan sanda waya, suna cewa ga su nan. Kafin azahar muka ji 'yan dako tun daga kan titi, kamar kasuwa ta taso. Suka tunkuɗe get da baro. Mai gadi, tsohon da ko kaza ba ya iya kora, suka fasa masa baki da sandarsa. Motar gidan suka zuba wa fetur, hayaƙi ya cika tsakar gida. Ta taga na ga Tafinta ya fita hannu a sama yana cewa a tsaya a yi magana, wani ya sheme shi da katako a ƙeya, suka rufa masa.

Na tura mata da yara ɗakin magani na danna sakata. Ana ta dukan ƙofa. Can sai ga ƙanen Dogo ya faɗo ta ƙaramar taga ta baya, jini har gira, ya rarrafa bayan matar wansa. Ashe gidan ya gudo, shi suka biyo.

Ƙofa ta ɓalle. Mijin Auta ne, da rodi a hannu.

Ya dube ni cikin ido, karo na farko a rayuwarsa. Ya ce, “Umma, matsa.” Na ce ba inda za ni. Ya ce, “Yaronmu na can an yanka shi kamar rago. Ki matsa.” Ya ture ni da kafaɗa na bugu da kabad, kwalabe suka zubo. Matar Dogo ta tare masa hanya, ya damƙi gashinta ya wurgar, ta faɗa kan 'yarta. Na ji ƙarar kan yarinyar a siminti. Ya ɗaga rodi.

Ƙarfen da muke rataya ƙarin ruwa ne ya zo hannuna. Ban yi tunani ba. Ko na yi, ban sani ba. Na sauke masa gindin a kai da iya ƙarfina. Ya durƙusa, ya juyo yana kallona kamar yana neman tuna ko ni wace ce, na ƙara masa a hannu, na ji ƙashi ya ce ƙas. Sai jiniya a waje, sauran suka watse.

Matar Dogo ta ga hannun, ta ga yatsan. Ta taso ta shiga shurinsa a ciki, tana kiran wata kalma ɗaya. Na bar ta ta yi. Na daɗe kafin na riƙe ta.

Ni na ɗinke masa kai kafin a tafi da shi, don jinin ba zai jira asibiti ba. An kawo mana allurar kashe zafi shekaranjiya. Tana cikin aljihun tebur. Ban buɗe ba.

Asabar, 22 ga Maris

An tafi da ƙanen Dogo, an tafi da mijin Auta, asibiti ɗaya, kowa da ankwa a gado. Wanda aka soka yana da rai, Tafinta ma ya farfaɗo amma bai gane kowa ba tukuna. 'Yan sanda sun sake tambaya. Wannan karon na faɗi yatsa, na faɗi takalmi, na faɗi rodi. Babban cikinsu ya ce, “Baba, kin san surukinki ne?” Na ce ni na ba shi 'yar.

Lahadi, 23 ga Maris

Auta ta zo. Ba ta zauna ba. Ta ɗauki kofin da ke gabana ta maka da bango. Ta ce na zaɓi bare na kashe mata aure, ɗanta zai buɗe ido ubansa na kurkuku. Ta ce in ta haihu kar in taka mata gida. Na ce ki kula da matakala, akwai santsi. Abin da ya fito kenan daga bakina.

Talata, 25 ga Maris

An rufe Gidan Baƙi sai an gyara. Shugaba na rarraba mutane gidajen da suka yarda, ba su da yawa. Matar Dogo da 'yarta suna nan gidana, a tsohon ɗakin Auta. Na ɗan lokaci ne, saboda kan yarinyar yana bukatar a riƙa duba shi, ba wani abu ba.

Da yamma dutse ya faɗo tsakar gida, ya fasa mini baho. Mai kanti ya ce sukari ya ƙare, ga shi ina gani a bayansa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Auta ta sauka, namiji. A bakin maƙwabciya na ji. Na shirya har na sa takalmi, na cire.

Litinin, 7 ga Afrilu

Yarinyar ta yi kuka yau. Cokali ne kawai ya faɗi ƙasa, ta tsala ihu ta yi ta yi, uwar na wanka, sai ni na ɗauke ta na yi ta zagaya tsakar gida har ta yi barci a kafaɗata. Nauyi gare ta, bayana zai gaya mini gobe. Uwar har yanzu ba ta cika kallona ba, ta san wane ne shi a wurina. Amma ta gyara mini murhu, ya daina hayaƙi.

Na leƙa wurin kafinta, katifa a siminti ba ta yi wa yarinyar, ga sanyi. Na nuna masa tsawon da hannu. Yana aunawa ya ce gadon wa za a yi, na ce na jikata. Suɓutar baki ce. Ya ce Allah ya raya, na ce amin, na taho.