Tambayar da Shirin Chizuru Ya Yi Mini

Litinin, 24 ga Yuli

'Yata Chizuru ta zo daga Sendai da shirin kwamfuta da ta rubuta mini. Kaset ɗina ɗari biyu da 'yan kai na tsofaffin masuntan garin nan duk ta zuba su a faifan kwamfutar. Danshi ya cinye na asalin, sai waɗannan suka rage. Har da muryar marigayiya matata Toyoko tana jero sunayen waɗanda teku ta tafi da su. Na gode wa yarinyar, a zuci.

Laraba, 26 ga Yuli

Baƙin allo, ba hoto. Sai ka rubuta sunan shirin, sannan inda za a ɗauko, sannan inda za a kai. Bayan haka wasu kalmomi masu ɗan layi biyu a gaba, tuta take kiransu. Ban je makaranta ba, a jikin akwatunan kifi na koyi baƙi, amma na iya.

Abin haushi, kafin ya taɓa komai sai ya tambaya, "Ka tabbata?" Na ce ta sa mini tutar da za ta rufe masa baki.

"Akwai irinta, Baba. Ba zan sa maka ba."

"Shekara hamsin ina jan jirgin ruwa, kwali ne zai yi mini tambaya?"

"Mama ma ai kullum tana yi, ba ka ce a cire ta ba."

Bakin uwarta sak.

Asabar, 29 ga Yuli

Ta koma. Ta bar mini kabeji mai tsami a firji da takarda mai bayani. Ban karanta ba.

Alhamis, 3 ga Agusta

Yau saura kaɗan in yi ɓarna.

Na so in kwafi muryoyin a sabon faifai, in kai haikali don bikin Obon na tunawa da matattu. Mu a jirgi, in ka ɗauki rediyo, inda ka nufa kake fara faɗa, sannan inda ka fito. Haka na rubuta. Sabon faifai a gaba, tsohon a baya.

Shirin ya tsaya. Ya ce inda zan ɗauko babu komai, inda zan kai akwai murya ɗari biyu da sha huɗu, kuma duk za su goge. Ka tabbata?

Yatsana yana kan "i". Saboda sabo kawai. Na cire shi a hankali, na zauna a ƙasa.

Juma'a, 4 ga Agusta

Na gaya wa maƙwabcina Kanroku. Ya ce, "Tsoho mai taurin kai, da ka sa mutanen sun nutse karo na biyu!" Ban ba shi shayi ba. Gaskiya ya faɗa dai.

Na karanta takardar. Na liƙa ta a bango.

Lahadi, 13 ga Agusta

An sa muryar Toyoko a haikali. Suna sittin da ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Matar Kanroku ta yi kuka da aka zo kan sunan yayanta.

Chizuru ta bugo da rana. Wai ta yi tunani, ba ta kyauta mini ba, za ta sa mini tutar in har ina so.

Na ce ta bari, tana da ayyuka. Ba gaggawa. Ni tambayar ba ta dame ni sosai ba dama.